Kwamfutar Sharfuddeen Mai Haihuwa

A Illo, idan mutum ya cika bincike, ya ƙi karɓar magana sai ya juya ta ya ga bayanta, akan ce masa, "Kai ma Sharfuddeen ne?" Sharfuddeen ɗin da ake nufi yana nan da ransa. Shagonsa na bakin hanyar shiga kasuwa, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da ragar kamun kifi. Dogo ne siriri, ba ya yawan dariya, kuma idan kana yi masa magana bakinka yake kallo, ba idonka ba. In ya sayi kwalbar fetur sai ya ɗiga a tafin hannu ya shinshina, ko an sirka da kananzir. In ya kulle shago ya yi nisa, sai ya dawo ya ja kwaɗon ya ji ko ya kama.

Mahaifinsa masunci ne a bakin kogin Kwara, kuma 'yan'uwansa duk sun bi kwale-kwale. Shi kaɗai ya bi boko. Ya yi sakandare a Bagudo, ya wuce Birnin Kebbi ya koyi aikin kwamfuta, sannan ya dawo gida da laftof ɗaya, da firinta, da faifan sola da ya ɗora a kan rufin shago. Aikinsa buga takardu, wankin hotuna, da zuba wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memorin waya. Da yake garin bakin iyaka ne, rabin masu shigowa shagon daga ƙasar Benin suke dawowa, aljihunsu ɗauke da filashi da memori da aka soka a kwamfutocin Sagbana da Kandi da Malanbil.

Matarsa Kausar, 'yar Bahindi, tela ce, kuma ita kaɗai ke iya yi masa dariya a gabansa. Takan ce ranar da aka kai ta gidansa sai da ya ɗaga mayafin ya tabbatar ba a musanya masa amarya ba. Shi kuwa ba ya musun labarin, sai dai ya ce ai bincike bai taɓa kashe kowa ba.

Duk da wannan taka-tsantsan, wata rana wani direba ya kawo filashi daga tsallake, yana son a buga masa takardar mota. Sharfuddeen ya soka. Kafin la'asar kwamfutar ta fara nauyi, kafin magariba duk abin da ke cikinta ya koma wasu haruffa marasa ma'ana. Hotunan biki da na suna da mutane suka ba shi ajiya, da karatun malamai da ya yi shekaru yana tarawa, duk suka salwanta. Bairos ne, cutar kwamfuta irin wadda ba ta barin komai.

Abin ya taɓa shi ƙwarai. Ya rufe shago ya zauna a gida ba ya magana. Da ya buɗe kuma sai ya kafa doka: ba a soka filashin kowa. Wanda ya zo da memori sai ya ce masa ya juya. To, mai shago irin nasa in ya ƙi filashi, me ya rage masa? Mutane suka fara hawa babur zuwa Bagudo don wankin hoto ɗaya. Kausar ce ta tura shi Birnin Kebbi wajen abokin karatunsa Zulkiflu, wanda ke gyaran kwamfutoci a can.

Zulkiflu ya wanke laftof ɗin tas, ya sake zuba mata tsari, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. Sannan ya ce, "Sharfu, zauna in gwada maka wani abu." Ya sauke wata manhaja daga intanet ya girka. Da ya buɗe ta, sai ga wata taga a fuskar kwamfutar, a cikin tagar kuma wata kwamfuta tana tashi, da nata tambari, da nata agogo, kamar an sa ƙaramin ɗaki a cikin babban ɗaki.

"Wagga mi ce?" in ji Sharfuddeen.

"Kwamfuta ce cikin kwamfuta. Ita tana ganin kanta kamar ta gaske, amma taka ce ke ara mata ƙwaƙwalwa da wurin ajiya. Duk abin da ya same ta, a cikin tagar nan zai tsaya."

"Nawa anka saye ta?"

"Kyauta ce."

Sharfuddeen ya ja kujerarsa baya. "Kyauta? Wa ka ba da abu irin wanga kyauta? Mi suka so gare ni?"

Zulkiflu ya yi dariya har da buga cinya. Ya bayyana masa cewa akwai manhajojin da ake sakewa a fili, kowa ya ɗauka, har masana su leƙa cikinsu su ga yadda aka ƙera su. Sharfuddeen ya saurara, bai gamsu ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne na biyu. Zulkiflu ya kashe ƙaramar kwamfutar, ya danna wani wuri, suka jira har suka shanye shayinsu, sai ga su sun zama biyu, iri ɗaya sak.

"Ka gyara guda ɗaya tsaf, ka sa mata duk abin da kake aiki da shi, ka ajiye ta kada ka taɓa," in ji Zulkiflu. "Kullum ka kwafi wata daga gare ta. A cikin kwafin za ka buɗe filashin mutane. In ta kamu da cuta ka goge ta, ka kwafi sabuwa."

Sharfuddeen ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin leda. Filashin direban nan ne, bai taɓa mayar masa ba. Ya ce, "In gaskiya kake, soka wanga."

Zulkiflu ya saita babbar kwamfutar yadda ba za ta buɗe komai da kanta ba, ya tura filashin kai tsaye cikin kwafin. Suka zuba ido. Ba a jima ba kwafin ya rikice, ya daskare, ya mutu a gabansu. Sharfuddeen ya karɓi laftof ɗin ya shiga lungu-lungu yana dubawa. Lafiyarta lau. Ya sake dubawa. Sannan ya yi murmushi, abin da Zulkiflu ya ce bai gani ba tun suna makaranta.

Ya dawo Illo da sabon tsari da sababbin sunaye. Wadda ya gyara ya ajiye, ya kira ta uwa. Wadda yake kwafa daga gare ta, ɗiya. Da safe bayan ya share shago sai ya sa uwa ta haifi ɗiya, ya tafi wajen mai shayi, ya dawo ya tarar ta kammala. Duk filashin da aka kawo ranar a cikin ɗiyar ake buɗe shi. Da yamma ya goge ta. In filashi ya yi masa kama da abin tsoro, sai ya kwafa masa ɗiya tasa shi kaɗai. Da ya ga hankalinsa ya kwanta, har ya fara barin mutane su zauna su riƙe linzamin kwamfutar da kansu, su zaɓi hotunan da suke so a wanke musu. Me za su ɓata? Abin da suke taɓawa ba zai kwana ba.

Kasuwa ta dawo, amma da ita surutu ya zo. Mai cajin waya ya baza cewa kwamfutar Sharfuddeen haihuwa take yi, shi kuma yana kashe 'ya'yan kafin magariba. Wata tsohuwa ta ce ba za ta kai hoton jikanta wurin da ake kisa kullum ba. Masu fataucin tsallake su nasu tsoron daban ne. A bakin iyaka kowa na da abin da ba ya son a sani: hanyar da yake bi, wanda yake saye a wurinsa, wanda yake kai wa. Suka riƙa tambayar juna, mutum mai kwamfuta ɓoye a cikin kwamfuta, wa ya san abin da yake tarawa, kuma wa yake tara wa? Sharfuddeen ya ji duk wannan. Bai ji haushi ba. A ganinsa mutanen da ke zargi su ne masu hankali, don haka duk wanda ya nuna shakka sai ya kira shi da yamma ya goge ɗiyar a gabansa.

Cikin waɗanda suka ga gogewar da idonsu har da Alhaji Na'Allah, babban mai fataucin bandar kifi. Shi ma ba baya ba ne wajen ɓoye sirri. A shekarar ya samu wata mata mai gidan abinci a Kandi wadda ke sayen tarwaɗa da ragon ruwa da yawa, kuma ba ta wasa da alkawari. Bai gaya wa kowa ba. In zai tafi sai ya ce Sagbana ya nufa.

Wata ranar damina, hadari ya rufe gari tun safe, Alhaji ya shigo shagon da sauri, ya jira har wani mai buga takarda ya fita, sannan ya miƙa memori. Ƙafarsa na ciwo, tafiyar gobe direbansa zai yi shi kaɗai, kuma ba ya son direban ya shiga Kandi yana tambayar mutane. Yana da hoton da suka ɗauka shi da matar a ƙofar gidan abincin, allon sunan wurin da lambar waya sun fito raɗau a bayansu. Guda ɗaya yake so a wanke.

"Malam Sharfuddeen, ban son ko ƙuda ya gani."

"Alhaji, ka san aikina. Abin da ya shiga nan ba ya kwana."

Aka wanke, Alhaji ya naɗe hoton a cikin hularsa ya fita.

Kafin ruwa ya janye, Alhaji ya aika kaya Kandi, matar ta ce ta gode, ta riga ta saya. Wani ɗan Illo ne ya kawo mata, mai suna Hamma. Hamma ƙaramin ɗan kasuwa ne mai fara'a, wanda ya daɗe yana bin sawun Alhaji a harkar kifi bai kama shi ba.

Ranar kasuwa Alhaji ya zo, kuma bai shiga shagon ba. A bakin ƙofa ya tsaya, inda kowa zai ji.

"Kai na ba amana! Ni da kai da direbana munka san hoton nan. Direbana ɗan ƙanwata ne, a hannuna ya tashi. Saura wa?"

"Alhaji, wallahi ban nuna ma kowa ba."

"To aljanun cikin kwamfutarka sunka nuna? An gaya mini kana da wasu ɓoye a ciki, na ƙi ji. Ashe wadda kake gogewa gabanmu ta rufe ido ce!"

Maganar nan ta ƙarshe ita ta zauna a kunnen mutane. Kafin a tashi kasuwa maganar ta kai har garin Lolo. Masu fatauci suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Waɗanda suka rage su ne masu son waƙa da ɗalibai, su ma sai sun leƙa hagu da dama kafin su shiga.

Sharfuddeen bai yi shakkar kwamfutarsa ba ko kaɗan. Ya ga yadda ta tare bairos da idonsa, kuma da hannunsa yake goge ɗiya kowace yamma. Saboda haka ya juya ga mutane. Ya fara da direban Alhaji, ya bi diddiginsa a tasha, ya tarar ko gaisawa ba sa yi da Hamma tun wata rigima a kan lodi. Ya koma kan mai cajin waya, ya ga katangar da ke tsakaninsu ba ta da ko tsaga. Sai tunaninsa ya tsaya a kan Bunyaminu.

Bunyaminu yayan Kausar ne, dillalin shinkafa, mutum mai son hira. In ya shigo Illo daga Bahindi, a bencin shagon yake hutawa, wani lokaci Sharfuddeen ya bar shi a ciki ya je sallar azahar. Kuma kowa ya san shi da Hamma tare suke cin tsire. Sharfuddeen ya yi ta juya abin. Ranar hadarin, Bunyaminu ya zo? Kamar ya zo. Ko kuwa washegari ne? Tun yana cewa kamar, har ya wayi gari ya tabbatar wa kansa.

Bai tunkare shi kai tsaye ba. Ya fara da ɗauke bencin ya shigar da shi gida. Da Bunyaminu ya zo ya tsaya yana neman wurin zama, sai ya juya fuskar kwamfutar ga bango. Bunyaminu ya kalli laftof ɗin, ya kalli surukinsa, ya yi sallama ya tafi.

A gida, bayan la'asar, Kausar na kan keken ɗinki ta ce, "Malam, mi Yaya ya yi maka?"

"Ban ce ya yi komi ba."

"Ka ɗauke benci."

"Bencina ne." Sannan ya ce, "Ranar da Alhaji Na'Allah ya zo, ke kinka kawo mini abinci shago. Da na fita wanke hannu, kin taɓa wani abu?"

Keken ya tsaya. Kausar ta juyo ta kalle shi.

"Har ni?"

"Tambaya ce kawai. Ko kin ga wani hoto, kinka ba Yaya labari ba da nufin komi ba."

Ta cire zaren daga allura, ta naɗe atamfar da take ɗinkawa, ta rufe keken. Washegari da hantsi ta ce za ta je Bahindi duba mahaifiyarta. Bai hana ta ba. A ransa ma cewa ya yi, mai gaskiya ba ya gudun tambaya.

Haka ya zauna, shago ba mutane, gida ba mata. Bai fasa al'adarsa ba: da safe uwa ta haifi ɗiya, da yamma ya goge, ko da ba wanda ya soka komai.

Wata safiya Inna Tasallah mai ƙosai ta shigo. Ita ba ruwanta da fatauci, hotunan sunan jikarta take so. Sharfuddeen ya zaunar da ita a gaban ɗiyar da aka haifa a safiyar, ko filashi ɗaya ba a soka mata ba. Ya buɗe ma'ajiyar hotuna don ya zuba nata, ya juya yana ciro memorin daga wayarta.

"Ikon Allah," in ji Inna Tasallah. "Wanga ba Na'Allah ba ne? Wace ce wagga mai ɗaurin ɗankwali irin na mutanen tsallake?"

Ya waiwaya. Ga Alhaji tsaye, ga matar, ga allon da lambar waya a bayansu. Memorin Inna na hannunsa, bai ko soka ba.

Ya lallaɓa ya sallami tsohuwar, ya ce ta dawo da yamma. Ya ja ƙofa. Ya goge ɗiyar, ya kwafi wata, ya zauna yana kallon layin da ke cika a hankali. Ta tashi, ya buɗe. Hoton na nan. Sai ya yi abin da ya hana kansa yi tun dawowarsa daga Birnin Kebbi: ya tayar da uwar, ya shiga ma'ajiyar hotunanta. Hoto ɗaya ne tak a ciki.

A nan ranar hadarin ta dawo masa. Tun safe ba rana, batirin sola ya kusa ƙarewa, ɗiyar ranar ta kamu da cuta ya riga ya goge ta, ga Alhaji tsaye a kansa yana ƙorafin ƙafa. Kwafar sabuwa za ta ci lokaci da wuta. Sai ya ce a ransa, hoto ɗaya ne, memorin Alhaji kuma sabo ne. Ya buɗe uwar ya yi aikin a cikinta. Da yamma wuta ta ɗauke kafin ya koma kai, washegari ya manta. Tun daga ranar, duk ɗiyar da aka haifa da hoton take zuwa, kuma duk wanda ya zauna ya riƙe linzami don zaɓar hotunansa, ta gabansa ya wuce. Shi kuwa da yake mutane ke zaɓa da kansu, ya daina leƙa wurin. Hamma ma ya zo a damina wankin hoton fasfo. Ya zauna, ya daɗe.

Ya kira Zulkiflu ya gaya masa. Zulkiflu ya yi tsaki na tausayi ya ce, "Kwafi ba ya zaɓe, Sharfu. Abin da ya tarar shi yake ɗauka, mai kyau da maras kyau. Goge ta ka gina sabuwa." Ya yini yana wannan aiki. Da ya gama ya sa wa sabuwar uwa kalmar sirri, ya raba ta da duk wata hanya da filashi zai shiga.

Daga nan ya nufi rumfar Alhaji Na'Allah, inda ake jera kwandunan kifi. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya gano daga farko har ƙarshe, bai rage ba. Alhaji ya saurara yana kore ƙuda da mafici.

"Wato uwa ta raba ma ɗiyanta," in ji shi.

"Haka ne, Alhaji. Kuskurena ne, amma ba sayarwa na yi ba."

"Ka yi wata da watanni kana neman labarin da za ka ba ni, ka samo mai daɗi. Ni ban san uwa ba, ban san ɗiya ba. Na san kai na ba hoto, na san Hamma shina Kandi. Tashi ka tahi, Malam. Na bar ka da Allah."

Sharfuddeen bai tsaya nan ba, don yana son ya san gaskiyar ko don kansa. Ya samu Hamma a tasha yana sa ido a kan lodi, ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ya ga wani hoto a shagonsa. Hamma ya buɗe ido, ya yi dariya.

"Hoto? Ni fuskata kawai na gani, ita ma ba ta yi kyau ba. Malam Sharfuddeen, Kandi daji ne? Gari ne, mai ƙafa shina zuwa. Matar nan ita da kanta ta aiko yaranta neman kifi har Lolo."

Ya kalli bakin Hamma har ya gama magana. Bai iya gane komai ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mai yiwuwa kuma tun a kujerar shagon ya haddace lambar. Har yau ba wanda ya sani sai Hamma.

Tafiya mafi nauyi ita ce ta Bahindi. Ya hau babur da safe, ya tarar da Bunyaminu a ƙofar gida yana auna shinkafa. Ya sauka, ya cire takalmi, ya ce, "Yaya, na zo neman gafara. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba."

Bunyaminu bai ɗago ba sai da ya cika buhun. "Ni ban ji ka zarge ni ba. Benci kawai na ga an ɗauke." Ya ɗaure bakin buhu. "Da ka tambaye ni baki da baki, da na rantse maka mun wuce wurin. Amma ka juya mini bayan kwamfuta kamar ɓarawo. Na yafe, don Allah ya ce a yafe. Shiga ka ga matarka, ita ce ba ta cin abinci."

Kausar ta bar shi ya yi bayaninsa duka, da uwa da ɗiya da batirin sola. Da ya gama ta ce, "Ka bincike direba, ka bincike Yaya, ka bincike ni. Ita kwamfutar ba ka bincike ta ba sai da mai ƙosai ta nuna maka." Ta dawo Illo bayan sallar Juma'a, a bayan babur ɗin yayanta, ba nasa ba.

Kasuwar shagon ta farfaɗo, amma ba ta koma yadda take ba. Wasu 'yan kasuwa sun ce mutumin da ya je da ƙafarsa ya tona kansa ya fi abin yarda, suka dawo. Wasu sun ce wannan ma dabara ce. Alhaji Na'Allah a Bagudo yake wankin hotonsa, in sun haɗu da Sharfuddeen a masallaci sallama ce kawai. Alhaji da Hamma kuwa yanzu mota ɗaya suke haɗawa zuwa Kandi, don matar ta ce kifin mutum ɗaya ba ya isarta, kuma kowannensu na aika nasa mutum ya zauna a kan kaya. Sharfuddeen ya daina barin kowa ya riƙe linzami, kuma duk safiya sai ya buɗe sabuwar ɗiya ya duba ta ciki da bai kafin ya buɗe ƙofa.

Bayan ƙaramar salla Kausar ta zo shagon da wata buƙata. Masu kawo mata ɗinki suna turo mata hotunan samfuri daga Kwatano da Parakou, wayarta ta cika. Tana son ɗiya tata ta kanta, wadda ba za a goge da yamma ba.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji shi. Ya kwafa mata, ya rubuta sunanta a kai.

"Da kalmar sirri."

"To, faɗi in sa miki."

"A'a. Ni za ni sa. Juya."

Ya tsaya yana kallonta, yana jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ya juya ya fuskanci ƙofa, yana kallon masu babur suna wucewa da jarkoki, yana jin ƙarar maɓallan a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Kunnensa ya fara ƙirga su da kansa, sai ya yi gyaran murya da ƙarfi ya leƙa waje ya tambayi mai raga ko an samu kifi a gulbi yau.